Ranar da 'Yan Jirgi Suka Kashe Waya

"Malam, shi ma ya ƙi ɗauka," in ji Bahijja, tana miƙo mini wayar mahaifinta da hannu biyu.

Muna tsaye a soron gidansu, hantsi bai gama ɗagawa ba. Daga cikin gida ana jin kukan mata ƙasa-ƙasa, da muryar matata Atika tana cewa a ɗora ruwa. Muntaka ya cika jim kaɗan bayan asuba.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa a Tudun Wada. Shi mai gyaran talabijin ne, mutumin Yauri, ya zo Zariya tun yana saurayi bai koma ba. Matarsa Maijidda marainiya ce daga Gyallesu. 'Yarsu ɗaya, Bahijja, tana aji biyar, ni nake koyar da su. Abinci bai taɓa yanke musu ba, sutura ma haka. Dangi ne ba su da shi. Ranar salla gidan kowa a layinmu cike yake da takalman baƙi, nasu kuwa shiru.

Da samari Muntaka ya cike wannan giɓi. Shagonsa yana jikin gidan, da sola a saman kwano da wata babbar talabijin da ya haɗa da kansa. Duk Juma'a bayan la'asar sai matasa su cika benci, ɗaliban jami'a daga harabar Kongo da teloli da masu babur, su kalli wani fim mai dogon zango na Turawa. Sunansa na Turanci bai taɓa zama mini a kai ba. Su dai Jirgin Hijira suke ce masa, don labarin wani ƙaton jirgi ne da ya kwashe ragowar mutane yana yawo da su tsakanin taurari, suna neman duniyar da za su sauka. Matar da ke jan jirgin suka sa mata Hajiya Kyaftin. Wani mutum-mutumi mai surutu kuma Gwangwani. Su kansu 'Yan Jirgi, Muntaka kuma Oga. Cikinsu Junaidu ne ya fi kusa da shi. Shayi nasa, cajin waya kyauta.

Aibinsa ɗaya, labari ba ya kwana a cikinsa. Wanda duk bai samu zuwa ba, kafin isha'i Oga ya kira shi. "Kai, ka san an cire wa Gwangwani kai?" Don haka suka kafa doka, cikin raha: duk ranar da aka kai ƙarshen zango sai a cire Oga daga guruf ɗinsu na waya, kuma wanda bai kalla ba kada ya ɗauki kiransa, sai kowa ya gani. Shi ya fi kowa yi wa dokar dariya.

Tun damina ciwon ƙoda ya kwantar da shi. Ƙafafu suka kumbura, shagon ya fara warin magani, benci ya dinga raguwa. Wata rana na shiga dubiya na tarar yana magana da iyalinsa, bai fasa don ni ba.

"Idan ta Allah ta kasance, Junaidu ya taya Liman yi mini wanka, ya yi karatu. Yaran nan su za su ɗauke ni."

Maijidda ta ce ya daina irin wannan magana. Ya juya ga Bahijja.

"Ke kuma kada ki taɓa cewa ba ki da kowa. Kina da yayye cikin shago guda."

Ta yarda da shi, kamar yadda take yarda da duk abin da aka rubuta mata a allo.

Jiya Juma'a aka saki ƙarshen zango na huɗu. Da Bahijja ta dawo daga makaranta ya sa ta share shagon, ta jera benci, ta ɗora ruwan shayi. Ni na kama shi muka fito da shi kan kujera. Har aka kira magariba ba wanda ya leƙo. Bai kunna talabijin ɗin ba.

Yanzu ga wayarsa a hannuna. Na buɗe guruf ɗin don in rubuta sanarwa, sai na ga an cire shi tun jiya. Na kira Junaidu, a kashe. Na kira Uwais, ta yi ta ringi har ta katse. Na kira Nagoda, wani tela mai yawan dariya, shi ya ɗauka.

"Oga, don girman Allah kada ka fasa mini ƙwai, ban gani ba! Sai gobe!"

Kafin in yi sallama ya kashe. Na kwashe lambobin na kira da tawa wayar. Nagoda ya riga ya kashe tasa gaba ɗaya. Waɗanda ba su kalla ba duk sun toshe kunne, waɗanda suka kalla kuma ba su da lokacin baƙuwar lamba. Mutum ɗaya na samu, Sadiq, yana cikin mota kan hanyar Kaduna. Ya yi salati, ya ce yanzu zai sa a guruf.

"Sun ji?" in ji Bahijja.

"Yaya Sadiq zai faɗa musu."

"To za su zo."

Liman ya iso da Alhaji Kailani mai katako, wanda ya kawo likkafani. Na ja Liman gefe na faɗa masa wasiyyar. Ya dubi rana.

"Malam Uzairu, ka ga zafin nan, ga irin ciwon da ya yi. Gaggauta shi shi ne hakkinsa. Mu ba su zuwa azahar."

Muka jira. Na tura saƙo ga kowace lamba. Bahijja ta ƙi shiga cikin mata, ta zauna a dokin ƙofa tana kallon bakin layi. Duk babur ɗin da ya shigo sai ta miƙe. Da rana ta take, Liman ya naɗe hannun riga ya ce in zo in zuba masa ruwa. Ni na tsaya inda aka ce Junaidu ya tsaya.

Mutane sun zo, ba zan yi wa unguwarmu ƙarya ba. Masallaci ya cika, an yi sahu, har masu wucewa sun tsaya. Amma da aka fito da makara, dattawa ne suka sa kafaɗa, da wasu masu faci da ba su ma san sunansa ba. Alhaji Kailani da ciwon bayansa yana gaba. Da muka wuce ƙofar gidan na ga Bahijja. Ba makarar take kallo ba, bakin layi take kallo.

Sai bayan la'asar suka iso, uku-uku a kan babura, suna zubowa kamar an koro su. Ashe saƙon Sadiq ya shiga guruf tun da safe, ruwan zage-zagen fim ya binne shi, ba wanda ya koma baya ya karanta. Junaidu ne ya kunna waya bayan ya kalli nasa a ɗaki, ya tarar da saƙona.

Ya durƙusa gabana yana kuka kamar yaro, kukan gaske.

"Malam, wallahi ban sani ba. Wallahi."

"Na sani, Junaidu. Zauna, ka yi masa addu'a."

Suka zauna kan tabarmi a ƙofar shagon. Aka yi fatiha, aka shafa. Shekaru da yawa ina koyarwa, na san matashi yakan yi kuskure ba da mugun nufi ba, zuciyata ta fara yi musu uzuri. Dattawa suka tashi don alwala, aka bar ni da su.

Uwais ne ya fara, a hankali, yana wasa da carbi.

"Allah ya jiƙan Oga. Ya so Jirgin nan."

"Ya so shi," aka amsa.



"Amma fa masu fim ɗin sun ci amanarmu," in ji wani daga baya.

"Bari kawai. Zango guda ana ce mana idan aka buɗe ƙofar ɗakin ƙasa za a ga wanda ya gina jirgin. An zo buɗewa, sai allo ya yi baƙi. Na ɗauka wuta aka ɗauke!"

"Ni abin da ya ƙona mini rai Hajiya Kyaftin. Ga duniya shar da ruwa da ciyawa, ki sauke mutane, sai ki juya jirgi? Don me?"

"Don akwai cuta a iskar, ba ka kalla da kyau ba."

"Wace cuta? Uban wa ya nuna cutar?"

"Kai dai ba ka jin Turanci, sai ka jira an fassara maka."

"Ni? Ni da na gane Gwangwani munafuki ne tun zango na biyu?"

Nagoda ya toshe kunnuwa da hannu biyu. "Haba jama'a! Ban gani ba fa! Ku ji tsoron Allah!"

Aka kwashe da dariya. A zaman makoki, a kan tabarmar da ba a daɗe da ɗauke gawa daga kusa da ita ba. Wani ya ciro waya yana nuna wa na kusa da shi hoton barkwanci da aka yi wa marubutan fim ɗin. Junaidu, da hawaye bai bushe a gemunsa ba, ya karkata yana leƙawa. Na yi gyaran murya irin wadda nake yi a aji. Suka yi ƙasa da murya, ba su daina ba.

Sai Uwais ya girgiza kai ya ce, "Ni wallahi gara da Oga bai ga wannan shirmen ba. Allah ya rufa masa asiri."

 Na buɗe baki, sai na ga Bahijja. Tana tsaye a bakin soro da tulun kunu da Atika ta aiko ta da shi. Ban san tun yaushe take nan ba.

Ta ajiye tulun a hankali, ta jera kofuna. Sannan ta dubi Junaidu.

"Yaya Junaidu, a ina aka kalla?"

Ya kasa ɗago kai. Uwais ne ya amsa.

"A Kwangila ne, ƙanwata. Wani sabon gidan kallo. Mun ga Oga ba lafiya, kada mu dame shi da hayaniya."

"Na share shago. Na dafa shayi."

Ta dubi sauran, ta ci gaba.

"Na ce wa Baba mu kunna mu biyu. Ya ce a'a, ba a kallon ƙarshe sai da jama'a, mu jira ku." Ta gyara hijabinta. "Da safe ma mun jira ku."

Ta koma ciki. Ba ta yi kuka ba, kuma na so a ce ta yi. Kunun ya huce a kofuna, ba wanda ya taɓa. Da aka kira magariba suka tashi ɗaya bayan ɗaya.

Sun dawo washegari, sun dawo ranar uku, da shinkafa da lemo. Sun zauna da ladabi, ba a ƙara ambaton Jirgi a gabana ba. Har na fara cewa a raina maganar yarinyar ta shige su. Bayan an shafa addu'ar uku ana naɗe tabarmi, Uwais ya biyo ni gefe yana murza hannu.

"Malam, wata 'yar magana. Akwai faifan da Oga ya tara duk zangunan baya a ciki, masu kyan hoto. Muna so mu sake bi daga farko, mu gano inda suka fara ɓata labarin. Ko za ka yi wa Maman Bahijja magana? Ita talabijin ɗin ma, idan ba mai amfani da ita..."

Na dube shi. Yaro ne mai tsabta, yana gaishe ni kullum, kuma har ga Allah bai ga abin da ya faɗa ba.

"Matar tana takaba, Uwais," na ce. "Je ka gida."

Da yamma na shiga shagon don in rufe tagogi. Na tarar Bahijja ta riga ni. Ta jingine benci a bango, ɗaya kan ɗaya, ta hau kujera tana lulluɓe talabijin ɗin da wani tsohon zanen mahaifiyarta. Hannunta bai kai ɗaya kusurwar ba, na ja mata.

"Litinin mai zuwa za ki dawo makaranta?" na tambaye ta.

"Zan dawo."

Ta sauko, ta tsaya tana kallon zanen.

"Malam," ta ce, "ba wajen Baba suke zuwa ba."