Shaidu Arba'in na Mode Dillali

"Arba'in," in ji Maniru. "Shafi arba'in cikin kwana goma, Baba. In sun gaza ko da guda, ka kira ni maƙaryaci."

Mode Dillali ya sauke idonsa ƙasa. Yana zaune a kan buzu a zauren gidansa da ke Bodinga, yana kallon takalmin baƙon. Shekara talatin da ɗoriya ya yi yana dillancin tumaki, ya kuma saba duba ƙafar mutum kafin ya saurari bakinsa. Takalmin Maniru ko ƙwarzane babu, irin na wanda ba ya zuwa ko'ina da ƙafarsa.

Cinikin ma ba na Mode ba ne, na ɗiyarsa Safinatu ne, wadda ke zaune a bakin ƙofar cikin gida da kwamfutarta a cinya. Ta yi karatun kwamfuta a Sakkwato, ta dawo ta haɗa wata manhaja ta teloli mai suna Awo. Tela zai zuba awon mutanensa a ciki da ranar da ya yi alkawarin ba da ɗinki, ita kuma ta riƙa tuna masa, shi kuma ya riƙa biyan ɗan wani abu duk wata. Aiki dai ya yi kyau, masu saye ne babu. In tela ya shiga intanet yana neman irin wannan abu, sai an wuce shafi biyar kafin a ga sunan Awo, kuma wa ke da wannan haƙurin? Ga Sallar Layya saura wata biyu, lokacin da kan teloli ke ɗaukar zafi. Shi kuwa Maniru ya zo ne da alkawarin ɗago sunan Awo sama.

"Sake gaya min yadda abin yake," in ji Mode. "A hankali, kamar kana gaya ma tsoho."

"Baba, injin bincike bai san kowa ba. Abin da yake dubawa shi ne, shafuka nawa ne suka ambaci naka, suka sa linki. Linki ɗan rubutu ne shuɗi, in an taɓa shi sai ya kai mutum wurinka. In masu nuna ka suna da yawa, sai injin ya ce wannan ai sananne ne, ya ɗago ka sama."

"Shaidu ke nan."

"Sadaƙta, Baba! Ka fi ni iya faɗa."

"To su shaidun nan, sun san ɗiyata?"

Maniru ya yi dariya, ya gyara agogonsa. "Za su san ta."

Wannan amsa ba ta kwanta wa Mode ba. Amma ya waiwaya ya ga idon Safinatu, idon wadda ta shekara biyu tana aiki ba wanda ya ce mata sannu. Kuma shi ne da kansa ya ce ba za a yi ciniki a gidansa ba sai da shi, don kada a cuce ta. Maniru ya faɗi kuɗi, Mode ya ce albarka. Aka ja, aka ja, har aka tsaya a kan ragon uda guda da ke ɗaure a turke. Mode ya miƙa hannu, Maniru ya kama, aka shafa fatiha.

Kwana tara kacal saƙo ya zo. Da hantsi Safinatu ta shigo zaure da takardu a hannu, ta bugo shafukan duka don ta nuna wa mahaifinta, bakinta ya ƙi rufuwa.

"Baba, arba'in cif! Har da na Legas, har da na Jos."

"Karanto in ji."

Ta karanta na farko. Wani tela ne ke cewa da can kullum yana ɓatar da awon mutane yana saɓa alkawari, amma tun da ya sami Awo hawayensa ya share. Ta karanta na biyu, shi ma hawayensa ya share. Da ta kai na shida sai muryarta ta fara yin ƙasa.

"Mutanen ga duk uwa ɗaya ta haife su?" in ji Mode. "Na Legas da na Jos, kowa da hawaye iri ɗaya?"

"Wataƙila salon rubutun ne, Baba."

"Na taɓa ganin irin wanga salo a gaban alƙali. Mutum bakwai sunka zo shaida kan wata tunkiya, duk a mota guda. Ba ni takardun."

Bai iya karatun boko ba, amma ya iya kallon fuska. Ya riƙa lasar yatsa yana juya takardun, har ya zo kan wata ya tsaya. Hoton wani dattijo ne mai farin gemu da hula haɓar-kada, yana dariya.

"Mi anka rubuta nan?"

"Muryar Telolin Shagari. Malam Zainulabidin, tela, kasuwar Shagari."

Mode ya ninke takardar ya sa a aljihun gaba. Zainu Tela ai shi ya ɗinka masa rigar aurensa. Mutum ne da awon rabin Shagari ke cikin kansa, wayarsa kuwa irin mai tocilan ce, an ɗaure ta da roba. Yaushe Zainu ya fara taɓa manhaja?

"Ina za ka, Baba?"

"Gani ya kori ji."

A tasha, kafin mota ta cika, ya kira Maniru.

"Zainu Tela na Shagari, kun yi magana da shi?"

"Wane ne haka?"

"Shaidarka."

Maniru ya ce, "Haba Baba, ai kowa haka yake yi. Shafukan nawa ne, ni na buɗe su. Hoton kuwa a hotunan wani ɗaurin aure na samo, na ga an sa sunansa a ƙasa. Injin ba zai hau mota ya tafi Shagari ya tambaya ba."

"Injin ba shi zuwa. Ni ga ni cikin mota."

Ya kashe wayar. Har motar ta bar gari yana lissafin yadda zai yi. Zai ja Zainu gefe, ya ba shi haƙuri tun kafin wani ya kai masa labari, a kashe wutar a ɗaki. Abin da ke cin ransa shi ne sunan mai manhaja da aka sa a ƙasan kowane shafi: Safinatu Mode Bodinga. Dillali ba shi da gona a kasuwa, ba shi da shago. Bakinsa ne jarinsa. In aka ce gidan Mode ana sayen shaidar zur, to ya tashi daga aiki.

Sai dai ya manta ranar kasuwar Shagari ce. Layin teloli cike yake, kekuna na ta kuka, masu kawo ɗinkin Sallah sun yi dafifi. Zainu na bakin rumfarsa da almakashi a hannu.

"A'a! Mode ɓarawon tumaki! Wace iska ta kawo ka?"

"Na zo in ga ko ka gama rigar da kakana ya ba ka."

Aka yi dariya, aka gaisa, aka tambayi iyali da damina. Mode ya rage murya ya ce yana son magana a keɓe. Zainu ya ce ai nan ma keɓe ne, duk 'yan'uwa ne, shi kuma ba zai bar yadin mutane a buɗe ba. Mode ya fiddo takardar don ya nuna masa hoton kawai. Zainu ya karɓa, ya nisanta ta da idonsa, ya washe baki.

"Kai! Ni na! Ranar auren ɗiyar Sarkin Aska. Abdulaziz, zo karanta min abin da anka ce."

Kafin Mode ya miƙa hannu, takarda ta wuce rumfa ta gaba. Abdulaziz shi ne sakataren ƙungiyar teloli, magidanci mai gilashi, shi ke riƙe da shafin ƙungiyar a intanet, kuma bai iya karatu a hankali ba. Ya miƙe tsaye ya karanta kamar mai sanarwa a masallaci:

"Ni Malam Zainulabidin, da can kullum ina ɓatar da awon mutane, ina saɓa alkawarin ɗinkin Sallah..."

Wani ya fashe da dariya a can baya. Wata mata da ta zo da shaddar mijinta ta ce, "Ashe?" ta ƙara rungume ƙullinta. Kekuna suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya.

Zainu ya ajiye almakashi.

"Shekara arba'in da huɗu ina kan keken ga. Wa na taɓa saɓa ma? A fito a faɗa! Matata ta rasu ana jibi Sallah, da munka dawo daga maƙabarta na zauna na gama rigunan mutane. Ni za a sa ma baki in ce ni maƙaryaci na?"

Ba wanda ya ƙara dariya.

"Akwai suna a ƙasa," in ji Abdulaziz. "Safinatu Mode Bodinga. Baba Mode, ɗiyarka ce ko?"

Mode ya dubi fuskokin. Ya san kasuwa kamar tafin hannunsa, ya san abin da ake jira ya ce. In ya ce aikin yaran zamani ne, shi bai san komai ba, shi ya sa ma ya taso takanas ya bincika, kowa zai yarda. Har yaba masa za a yi, a ce Mode ko ɗiyarsa bai rufa wa ba. Zai koma Bodinga da sunansa fes. Ita kuwa Safinatu, daga nan har Dandin Mahe ba telan da zai ƙara buɗe manhajarta, kuma maganar teloli ta fi mota gudu. In ya ce Maniru ne, za a ce wane ne Maniru, wa ya kawo shi, wa ya kama hannunsa?

Ya cire hularsa, ya shafa kai, ya mayar.

"Yarinyar ba ta da laifi. Ita aikinta ta yi, kuma aikin na da kyau. Ni na ɗauko mutumin, ni na yi cinikin, da hannuna. Na ji warin abin tun ranar, na kau da kai."

"Kai, Mode?" in ji Zainu. "Kai da kanka?"

"Ni."

"Nawa ka saye ni?"

"Ku arba'in, rago guda."

Wannan karon dariyar da aka yi ba ta da daɗi. Mode ya durƙusa a gaban rumfa, tsoho da shi, ya ce Zainu ya yafe masa don Allah. Zainu ya ce ya tashi, ya yafe, amma sai an wanke shi a inda aka ɓata shi. Abdulaziz ya ce wannan aikinsa ne, zai rubuta a shafin ƙungiya. Ya kuma ce zai gwada manhajar da kansa, don kada shi ma ya yi shaidar abin da bai gani ba.

Mode bai tsaya cin kasuwa ba. Da ya isa gida bayan la'asar, Safinatu na tsaye a zaure.

"Yaya, Baba?"

"Ki kira mutumin nan ya sauke shafukansa duka. Ragon ya ci, na bar mai."

"Me suka ce a Shagari?"

"Sun ce a gaishe ki."

To, ga yadda rabon ya kasance. Abdulaziz ya rubuta labarin tiryan-tiryan, ya ce dillali Mode na Bodinga ne ya sayi shaidar ƙarya, ya ce ɗiyar ba ta sani ba, ya ce ya gwada manhajar kwana uku bai ga aibinta ba, ya kuma sa linki don kowa ya ga abin da ake magana a kai. Wasu jaridun intanet biyu na Sakkwato suka kwashi labarin da linkin duka, wani mai shafi a Birnin Kebbi ya kwasa daga wurinsu. Su kam shafuka ne na gaske, masu mutane a bayansu. Kafin a ga watan Layya, in ka nemi manhajar teloli, Awo na shafin farko.

Safinatu ta ci riba, teloli har daga Gusau suna shiga. Zainu ya ci riba, don mutane sun riƙa zuwa ganin tsohon da bai taɓa saɓa alkawari ba, suna barin yadi. Maniru ya yi layya da rago, kuma har yau yana nuna wa mutane yadda Awo ta hau sama, yana cewa aikinsa ne.

Shi kuwa Mode, ana saura kwana huɗu Sallah wani Alhaji da suka shekara ashirin suna ciniki ya zo neman rago. Mode ya kamo masa wani balami, ya ce lafiyarsa ƙalau, shekararsa biyu.

"Na yarda, Malam Mode," in ji Alhajin. "Ai maganarka ce."

Sannan ya tattare hannun rigarsa, ya sunkuya, ya buɗe bakin ragon yana duba haƙora. Mode ya riƙe masa ƙahon.