Cikin Ƙawata

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. Lakwal ɗina, wato karatun boko, bai yi nisa ba, kuma a gidanmu mace ba ta faɗin cikin fari da bakinta. Sai dai a gani.

Yayata Nasiba ta rasu shekarar korona, cikinta ya tsufa. Da tari ta fara, sai numfashi ya gagara. An kai ta Konni a amalanke, ba ta dawo ba, ɗan ma bai zo duniya ba. Ba ta yi allurar rigakafin korona ba, don an ce mata tana zubar da ciki.

Da damina ta gaba na gane ina da juna biyu. Ban gaya wa kowa ba. Inna, uwar mijina, tana cewa a tsakar gida, ba ta kallona: "Wadda ta kai hannunta ga allurar nan, ta kai abin da ke cikinta."

Ran kasuwar Tsarnawa na ratse likita, wato asibitin garin. Madam Zalika, mai awon ciki, ta ɗago kai.

"Mi ya kawo ki, ɗiyata?"

"Wata ƙawata ce ta aiko ni. Tana da ciki. Tana tambayar allurar korona."

Ta dubi ƙafafuna da suka fara kumbura. "Ƙawar nan taki, takalmi na matsa mata?"

Na sunkuyar da kai.

"Ki ce mata hannu zai yi tsami, wataƙila zazzaɓi ya kwana biyu. Mata masu ciki da yawa sun yi, sun haihu lafiya. Amma ciwon in ya kama mai ciki, ya fi kayar da ita, don ɗa ya riga ya danne numfashi."

"In ta yi, kin rantse ɗan zai rayu?"

"Wannan na Allah ne. Ban rantse ba."

Nan kuka ya ƙwace mini. Nasiba nake gani tana neman iska, tana riƙe da cikinta. Ina ma da ta samu mai gaya mata haka.

Na dawo gida ban yi ba. Tsoron allura da tsoron tari duka suna ƙirjina, kuma ba wanda zan tambaya, tunda a bakin kowa ba ni da ciki.

Washegari na kai wa Inna kunu, na durƙusa. Na ce, "Inna, ina da ciki. Za ni likita a yi mini allura." Ban jira amsa ba, na ɗauki hijabina.