Faifan da Ya Yi Gadin Kilishi

"Ba ya ciki, Baba," in ji Rilwanu, ya zazzage kwalin fayafayan bidiyo a kan gado. "Faifan ƙarshe babu."

Babayo ya ɗago kai da ƙyar. Tun da likita ya ce a mayar da shi gida ya huta, tsohon ɗan kasuwar bai sake saukowa daga bene ba. Rilwanu, maƙwabcinsa mai ɗaure wa 'yan kasuwa kaya a unguwar Sanyuanli, can ƙasar waje inda suke zaune, shi ke zama da shi suna bin wani tsohon shiri mai dogon zango, labarin matuƙin jirgin ruwa da ya ɓace wa iyalinsa. Saura ƙarshen kawai.

Rilwanu ya laluba waya. "Sun cire shi daga intanet. Sai sababbi."

"Sababbi," Babayo ya ja tsaki. "Kashi shida, wai zango ya ƙare. Kafin ka riƙe sunan mutum an binne shi. Waɗannan kuwa ka zauna da su har ka gane tarin kowa."

Babayo ba ya ba da aron kwali sukutum. Ɗaya-ɗaya yake bayarwa, don mai aro ya dawo a taɓa hira. Da ya yi tunani sai ya ce, "Fasuma ce ta ara."

Fasuma 'yar Nijar ce mai kilishi, ta koma unguwar Panyu da ke can gefen birnin tun bara. Rilwanu ya bi jirgin ƙasa har can. Tun daga titi ya hango faifan rataye da zare a tagarta, yana walƙiya.

"Hajiya, faifan Baba kika mayar mai gadi?"

"Ai ya iya aiki, ko tsuntsu ɗaya bai sauka a kan kilishina ba." Sai ta dubi fuskarsa. "Jikin ne?"

"Ƙarshen yake jira."

Ta tsinke zaren, ta yafa mayafi, ta biyo shi.

Bayan la'asar ɗakin ya cika da maƙwabta. Rilwanu ya goge faifan da man goge baki, ya saka. Na'urar ta yi gurnani, ta yi shiru, sai ga teku a allo. Ɗaki ya ɗauki sowa. Da matuƙin ya tura ƙofar gidansa, Babayo ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Na ce muku zai dawo."

"Da ka tambaye ni ai da na gaya maka tun bara," in ji Fasuma.

"Da kin gaya mini, da ban kawo yau ba."

Ranar Juma'a da hantsi ya cika, kalmar shahada a bakinsa. Kwalin ya bar wa Rilwanu.

Bayan sadakar uku wani ɗalibi, Ghali, ya ƙwanƙwasa ƙofa, wai a ara masa duka.

"Ɗaya," Rilwanu ya ce, ya miƙa masa na farko. "Ka dawo mu yi hira."

Ya rufe kwalin. Har yanzu yana ɗan ƙamshin yaji.