Gayya a Kan Wasan Boaz

A Kafanchan duk mai buga wasan kwamfuta ya san bakina. Ba manyan wasannin kamfanoni nake bi ba, ƙananan nake so, irin waɗanda mutum ɗaya ko biyu ke kulle kansu a ɗaki su ƙera. Muna da zauren hira a waya, da zarar sabon wasa ya fito sai ka ga an kira sunana: "Jamiluddeen, a saya ko a bari?" Ba wani ilimi na fi su ba, ni dai ba na rufa wa wasa asiri. Data ta yi tsada, dala ta yi tsada, ba wanda zai zubar da kuɗinsa don ya ga hoto mai kyau.

Ana nan sai abokina Boaz ya ƙera nasa. Ɗan ƙauyen Madakiya ne, tun sakandare benci ɗaya muke, yanzu yana yi wa ɗalibai gyaran kwamfuta a garin Gidan Waya. Shekaru ya kwashe a kan wata tsohuwar laftof da sai an tokare murfinta da bulo. Sunan wasan Gonar Citta. Za ka shuka citta, ka rufe ta da ganye, ka cire ciyawa, ka tone, ka tsaga, ka shanya, ka ɗora buhu a babur zuwa kasuwa. Ya sa shi a wani babban kantin wasanni na intanet, inda duk wanda ya saya yake da ikon rubuta ra'ayinsa. Burinsa guda ne, wasan ya zauna a kantin nan ya yi suna a hankali, shi kuma ya huta da gyaran kwamfutocin mutane.

Baƙi suka fara saye jefi-jefi. Wani daga Poland ya ce ƙarar ruwan sama a kan kwano kaɗai ta biya shi. Wata daga Brazil ta ce mutum sai ya yi furfura kafin cittar ta nuna, a jira a rage farashi. Wani kuma ya rasa gane dalilin da ɗan acaɓa ke ƙara kuɗi in hadari ya haɗo, amma ya ce abin ya ba shi dariya, a saya.

Ni ma na saya na buga, na rubuta abin da na gani: da zuciya ɗaya aka yi wasan nan, amma da ka ɗora buhu a babur sai ya tsaya cik, noman shekara guda ya tafi a banza. Kar a saya tukuna, a bari ya gyara. Boaz ya kira ni ya ce ni mugu ne tun ina yaro, muka yi dariya, sannan ya ce in nuna masa daidai inda yake tsayawa.

Ranar Asabar da hantsi mahaifina ya aiko a kira ni rumfarsa ta kasuwa. Ina shiga na tarar da Baba Dogara, mahaifin Boaz, zaune kan buhun citta, ya ajiye hularsa a gwiwa. Tun kafin a haife ni mahaifina ke sayen cittarsa. Na durƙusa na gaishe su, ba wanda ya amsa da daɗi.

"Me ya haɗa ka da Boaz?" in ji mahaifina.

"Ba komai, Baba."

"Ba komai ka shiga duniya kana cewa kar a sayi kayansa? Ni na taɓa tsayawa a kasuwa na ce cittar Dogara ba ta da kyau?"

Na buɗe baki zan yi bayani, Baba Dogara ya ɗaga hannu. "Alhaji, bar shi, yara ne. Damaris ƙanwar Boaz ne ya karanta mana a waya, Mama nasu bai ci abinci ba ranan. Amma ba komai, yau muna gayya a shagon Francis. Magana mai kyau zai rufe na yaronka."

"Gayyar me, Baba?"

"Na gem ɗin mana. In gona ya fi ƙarfin mutum ɗaya, ba sai a kira jama'a ba?"

Na miƙe zumbur. Ban ma tuna na yi musu sallama ba, na tare babur.

Francis yana da shagon buga takardu da cike fom a bakin titi, kwamfuta biyu da janareta mai tari. Tun daga nesa na hango layi. Matan zumuntar coci ne cikin ankonsu, ga dattawa, ga 'yan ƙungiyar mawaƙa, har da wata tsohuwa da aka ba kujera don ba ta iya tsayuwa. A bakin ƙofa an jera kuloli na shinkafa da jarkokin kunu, kamar yadda ake kai wa masu gayya a gona. Mama Afiniki, mahaifiyar Boaz, tana tsaye da ludayi tana raba abinci, fuskarta sai ƙyalli take don murna.

Na kutsa ciki. Ga abin da na tarar. Francis yana buɗe wa kowa sabon akawun, ya saya masa wasan da katin banki guda, wanda zumunta ta zuba wa gudummawa, sannan ya juyo ya ce, "Mama, me zan rubuta?" Ta faɗa da Hausa, shi ya juya zuwa Turanci. Ba wanda ya ko buɗe wasan. Na leƙa allon na karanta. Wata ta ce yaron nan mai biyayya ne, bai taɓa ɗaga wa babba murya ba. Wani ya ce shi ya riƙe shi ranar baftisma. Wata ta ce Ubangiji ya ba shi mace ta gari. Kowa ya ce a saya, kuma ƙarƙashin kowane suna kantin ya rubuta cewa mai wannan ra'ayi bai buga ko minti ɗaya ba.

"Francis, ka san abin da kake yi kuwa?"

"Abeg, Jamil, matsa, layi na da tsawo. Kwastoma ya ce rubuta, na rubuta."

Na fita na samu Mama Afiniki. Na rusuna na ce, "Mama, don Allah a tsaya. Wannan abin zai cuce shi."

Ta dube ni daga sama har ƙasa. "Jamilu, kai da ka ci tuwo a gidana? Kai ka ce kar a saya, mu mun zo mun saya, shi ne kuma cuta?" Duk da haka ta zuba min shinkafa ta miƙo. Na karɓa don ban san yadda zan ƙi ba, na tsaya riƙe da faranti kamar wawa.

Na kira Boaz. Da farko ya ɗauka tsokana ce, sai da na ɗauki hoton layin na tura masa. Kafin babur ya kawo shi daga Gidan Waya an yi nisa, sunaye sun cika shafi bayan shafi. Matan na ganinsa suka ɗauki guɗa da waƙar yabo, suka kewaye shi suna rawa. Ya ratsa su ya shiga shagon, ya zare wayar janareta da hannunsa. Wurin ya yi tsit. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta koma haka ba. Wani dattijo ya ce farin ciki ne ya yi masa yawa, aka yi addu'a aka watse.

Baƙin nan ba su ɓata lokaci ba. Washegari shafin ya cika da sabbin ra'ayoyi, kuma wannan karon na masu buga wasa ne na gaske. Wani ya ce mai wasan ya sayi yabo, kar kowa ya ba shi sisi. Wani ya kwafo maganar baftisma ya liƙa, jama'a suka yi ta dariya a ƙarƙashi. Mutumin Poland da ya yabi ƙarar ruwa ya dawo ya juya ra'ayinsa, ya ce ya ji kunyar yabon da ya yi. Ko a zaurenmu na Kafanchan sai da wani ya tambaya, "Jamiluddeen, wannan ba abokinka ba ne?" Raina ya ɓaci, na zazzage su. Na rubuta dogon bayani a shafin kan abin da gayya take nufi a wurinmu. Aka amsa min cewa ni ma hayata aka yi.

Boaz ya rubuta wa kantin ya roƙa a goge sunayen. Amsarsu ta zo a tsakiyar mako, muna tare a kan hanyar Madakiya, don ya ce ba zai iya fuskantar gida shi kaɗai ba. Ya tsayar da babur ya karanta, ya miƙo min wayar. Sun ce sun ga akawun masu yawa daga kwamfuta ɗaya da kati ɗaya suna yabon wasa ɗaya. Sun cire Gonar Citta daga kantin, sun rufe akawunsa na mai ƙera wasa, kuma hukuncin ba ya canzawa. Na karanta har ƙarshe na sake komawa farko, ina neman inda suka bar ƙofa, babu.

Mun sami Mama Afiniki a tsakar gida tana juya cittar da aka tsaga aka shanya. Tana ganinmu ta miƙe tana goge hannu a zani.

"Yaya, Turawan sun gani? Sun gani kana da mutane?"

"Sun gani, Mama," in ji Boaz.

"Madalla! Me suka ce?"

"Sun cire shi. Ba za a ƙara sayarwa ba. Ni ma sun kore ni."

Ta tsaya da baki buɗe. Ta dube shi, ta dube ni, kamar tana jiran ɗayanmu ya yi dariya. Ni dai na sunkuyar da kai.

"Mun yi kaɗan ne?" ta tambaya a hankali. "Kai ne ka kashe janareta, rabin mutane bai yi ba." Ta juya ta ƙwala kira cikin gida, "Damaris! Kawo min waya in kira Mama zumunta na Samaru Kataf. Su suna da yawa, Asabar za su cika mota biyu."

Boaz ya zauna daɓas a ƙasa, a gefen shanyar cittar, ya rufe fuska da hannu biyu. Damaris ta fito da wayar, Mama ta karɓa tana neman lamba.