Gashin Dankali Kafin Motar Kamfani

Ƙarfe ɗaya saura kwata Baffa Uwaisu ya yi sallama a gidan Badi'a da ke Sharaɗa, riƙe da leda cike da dankalin turawa. Ƙanen mahaifinta ne. Shekara ashirin da bakwai ya yi yana kula da tukunyar tururi a wata masaƙa a Bompai kafin ya ajiye aiki. Ranar daga asibiti yake, likita ya hana shi duk wani abin da aka soya.

"Wai sai dafaffe ko gasasshe," ya ce bayan sun gaisa. "Dafaffe kuwa ya fita raina. Shi ne na ce bari in zo 'yata ta gasa min."

Badi'a ta karɓi ledar tana murmushi, amma ta saci kallon agogo. Aikin rana take da shi a kamfanin robobi da ke Chalawa, kuma motar ma'aikata ƙarfe ɗaya da rabi take tsayawa a bakin titi, ba ta jiran kowa. Ita kuwa gashin da ta iya na tukunya ne da yashi a kan kurfoti, wanda kan ci awa guda har da ɗoriya. Ba za ta iya ce wa Baffa ya dawo gobe ba. Ta shige kicin ta tsaya tana kallon dankalin, sai ka ce shi zai ba ta shawara.

Tarinsa ta ji a bakin ƙofa.

"Na ga takalmin aiki a waje. Ƙarfe nawa motar?"

"Ɗaya da rabi, Baffa. Amma ku koma ku zauna, zan san yadda zan yi."

"Yaya kike gasa shi?"

Ta faɗa masa. Ya girgiza kai, ya cire hula ya rataye a jikin ƙusa, ya naɗe hannun riga.

"Haba Baffa, ku da kanku a kicin? Idan maƙwabta suka leƙo fa?"

"Su leƙo su koya. Hura kurfoti, ki ɗora tukunyar yashin yanzu, ki rufe ta ba komai a ciki. Ba a jiran kaya kafin a tayar da wuta."

Ta hura, ta ɗora. Ya sa ta kunna gas ta aza ruwa kaɗan da gishiri, ta wanke dankalin da ɓawonsa, ta raba kowanne gida biyu. Da ruwan ya tafasa aka zuba. Baffa ya ɗaga agogon hannunsa kusa da ido, ya ce minti takwas, ko daƙiƙa ba zai ƙara ba.

"Akwai ƙarfe mai tsini a gidan nan?"

Badi'a ta tuna da tsinkayen ƙarfen da mijinta Habibu ke gasa naman layya da su. Ta ciro su daga bayan kwanuka ta wanke. Da aka tsame dankalin, Baffa da kansa ya riƙa tsire shi huɗu-huɗu yana yarfe hannu saboda zafi, ita kuma tana shafa man gyaɗa da ɗan yatsa, don ya ce likitan bai hana shafawa ba.

"Zafi daga waje yake lallaɓawa ya shiga," ya ce. "Ƙarfen nan kuwa kai shi zai yi har tsakiya. Haka bututu yake yi a tukunyarmu."

Suka jera tsinkayen a kan farantin ƙarfe bisa yashin da ya riga ya ɗau zafi. Ya rufe, ya ɗebi garwashi uku ya ɗora a kan murfin. Ya jawo kujera 'yar tsugunno ya zauna gadi.

Badi'a ta je ta yi sallar azahar, ta sa kayan aiki. Da ta dawo ƙamshi ya cika tsakar gida. Hannunta ya nufi murfin, sandar Baffa ta riga shi isa.

"Kul! Buɗewa ɗaya, kin zubar da minti biyar."

"Leƙawa kawai zan yi."

"Yaran da na kora daga bakin tukunya ma haka suke cewa."

Dariya ta ƙwace mata har ta dafa bango. Ɗaya da minti ashirin ya ba da izini. Dankalin ya yi ja a gefe, ɓawon ya ɗan tattare, cokali ya nutse a ciki ba gardama. Ta barbaɗa masa yaji kaɗan. Baffa ya kai ɗaya baki, ya lumshe ido, bai tsaya ba sai da ya cinye uku. Sannan ya tura mata rabin.

"Ƙulle wannan ki ruga. Ni zan jira Habibu, ina da magana da shi a kan murfin nan, ya lanƙwashe."

Da gudu ta isa titi, direba Nura har ya sa giya. Ta faɗa kujera kusa da ƙawarta Saudat tana haki. Kafin motar ta fita daga Sharaɗa ƙamshi ya tona mata asiri, ledar ta fara yawo daga kujera zuwa kujera.

"Ke da kika ce min ko wanka ba ki yi ba ƙarfe sha biyu, yaushe kika gasa wannan?" in ji Saudat, bakinta cike.

Badi'a ta fara bayani, matan baya suka ce ta ɗaga murya. Sai da ta maimaita sau uku, wata ma a waya ta ɗauka. Nura ya miƙo hannu ta baya ba tare da ya waiwayo ba.

"A taimaka wa direba da guda, ko in bi ta hanya mai ramuka."

Saudat ta leƙa ledar, ta ciro ɗan guntun da ya rage ta ɗora masa a tafin hannu.