Ƙafa Ɗari Biyar

Jirgin ya ratso ta saman Safana da hantsi, ɗauke da fasinja goma sha biyu, ya nufi Katsina. Kyaftin Armaya'u ne ke tuƙi, mataimakiyarsa Ramlat tana kujerar dama. Shi mutumin Batsari ne, abokin mahaifinta tun suna firamare. A gida durƙusawa take ta gaishe shi.

"Ga garinku Karare can," in ji shi. "Daga nan ma ina ganin gyaɗar babanki ba ta kai tawa ba."

Ta yi dariya. Da suka miƙe wa titin sauka, sai ta duba fitilu huɗun da ke gefensa. Ƙa'idar ba wuya: biyu farare, biyu jajaye, kana daidai. Yau duk huɗun farare ne. Sun yi sama da yawa, ga gudu ya wuce kima. In aka sauko zuwa ƙafa ɗari biyar daga ƙasa a haka, ba sauka. A tashi, a zagayo.

"Baba, Allah ya ba ka haƙuri, kamar dai fitilun..."

"Na gan su, ɗiyata. Ina sauka nan tun kina goye."

Ya danna hancin jirgin ƙasa, gudu ya ƙaru. Ɗari bakwai. An raine ta a kan cewa ladabi ba ya jawo asara, amma masu koya mata hakan ba su taɓa auna tsawon titin jirgi ba. Da wannan gudun, kwalta za ta ƙare ba su tsaya ba.

Ɗari shida. Wani "ranka ya daɗe" ya taso mata, ta haɗiye shi.

"Ɗari biyar. Ba mu daidaita ba. Tashi."

"Ke, Ramlat..."

"Tashi, Kyaftin!" Ta ɗora hannu a kan sandunan ƙara wa injuna mai.

Ya riga ta turawa. Injuna suka yi ruri, titin ya shige ƙarƙashinsu.

Suka zagayo, suka sauka lafiya. Da fasinja suka fita, ya ciro takardar rahoto, ya juyo wajen Ramlat.

"Kin san dole a rubuta?"

"Na sani, Baba."

Ya miƙa mata biro. "To rubuta yadda aka yi. Kada ki rage mini komai."

Ta karɓa, ta fara rubutawa.