Baba Ina-Zuwa da Ƙafar Mama

Mahaifinmu mai gyaran famfo ne a hukumar ruwa, kuma tun kafin ya yi ritaya mutanen unguwa suka raɗa masa suna Baba Ina-Zuwa. Dalili kuwa, ba a cika gama magana da shi ba. Kana cikin ba shi labari wani zai yi sallama a ƙofa: famfo ya ɓalle, ko bututu ya fashe a bayan makaranta, ko ƙofar tsohuwar nan ta ƙarshen layi ta ƙi rufuwa. Sai Baba ya miƙe, ya saɓa jakar kayan aikinsa, ya ce, "Riƙe maganar, ina zuwa."

Kuma yana dawowa, wannan kam ba a yi masa ƙarya. Sai dai lokacin da zai dawo ka manta abin da ka riƙe. Ba ya karɓar komai a hannun kowa. In an matsa masa, sai ya ce a ba shi ruwa ya sha daga famfon da ya gyara, ya tabbatar aikin ya yi.

Mu uku ne a gidan: Yaya, ni, da Auta. Duk da wannan yawo nasa, ba mu taɓa jin kamar ba mu da uba ba. Shi ke goge mana kayan makaranta, har kwalar riga sai ta tsaya cak. Shi ke duba aikin gida, ko da yake lissafi kaɗai ya iya, sauran sai ya gyaɗa kai ya ce rubutun ya yi kyau. Akwai lokacin da Mama ta yi tafiya, ya zauna ya yi mini kitso da kansa. Da na shiga aji, malamarmu ta dube ni ta tambaya a hankali ko lafiya ake a gida.

Abu ɗaya ne Baba bai taɓa samun lokacinsa ba: famfon tsakar gidanmu. Shekara da shekaru yana ɗiga. Mama ta yi magana har ta gaji.

"Malam, famfon gari duk ka gyara, namu fa?"

"Maman yara, namu ai na gida ne, ba zai gudu ba."

Bai gudu ba kuwa. Ya yi ta ɗiga har gansakuka ta yi kore shar a kan simintin. Wata safiya, bayan dukanmu mun girma, Auta kaɗai ta rage a gida, Mama ta fito da kwandon wanki, santsi ya kwashe ta. Ƙafar dama ta karye a ƙasan gwiwa.

Na iske su a asibiti an riga an naɗe ƙafar da filasta. Mama na kwance tana ba wata mai jinya labarin yadda ta tashi sama kafin ta sauko. Baba kuwa yana tsaye jikin bango, hularsa a hannu, kamar yaron da aka kama da satar mangwaro. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

Ranar da aka sallamo ta, ya cire famfon ɗungurungum ya sa sabo, ya durƙusa da buroshi ya kankare simintin har sai da ya yi fari. Sannan ya rataye jakar aikinsa a ƙusa bayan ƙofa, ya jawo kujera gefen gadon Mama, ya zauna.

Da yamma tela maƙwabcinmu ya yi sallama, wai ruwa na bin bangon shagonsa. Muka jira mu ji kalmar da muka saba. Baba ya leƙa ta taga ya ce, "Ka yi haƙuri, ba na zuwa."

Tela ya tsaya baki buɗe. Ya juyo ya tambaye ni a asirce, "Shi ma ya faɗi ne?"

Daga nan jinya ta kankama. Baba ya tara wa Mama filo a baya, a gefe, a ƙarƙashin ƙafa, har da ƙyar ake hango ta. In ta yi tari ya kawo ruwa, in ta yi shiru ya taɓa goshinta. Ya karɓe kicin daga hannun Auta, ya shiga dafa shinkafa mai gishirin da ke sa mutum ƙifta ido. Yana karanta mata jarida tun daga shafin farko har tallan tayar mota. In barci ya ɗauke ta, sai ya tashe ta ya tambaya ko barcin na yi mata daɗi.

Makon farko Mama ta ji daɗi, tana ta yi wa baƙi fariya. Mako na biyu fariyar ta ragu. Ana cikin na uku na zo duba ta, ta aiki Baba ya ɗora shayi, ta kamo hannuna.

"Ki cece ni daga babanki," ta ce.

"Mama, ba ke kika ce ba ya zama ba?"

"Na ce ya zauna, ban ce ya zauna a kaina ba. Je ki gaya wa tela ya dawo. Ki biya wurin shugabar makaranta, ai na ji tankinsu na zuba. Duk mai abin gyara ya zo."

Washegari ƙofar gidanmu ta cika. Amma Baba ya kafe. Abin da ya yarda da shi kawai, ya ajiye kujera a bakin ƙofa inda zai riƙa hango gadon Mama, a kawo masa matsalar nan. Tela ya kwance kan famfonsa ya kawo a leda. Baba ya juya shi, ya nuna masa robar da ta cinye.

"Ka sa sabuwa, ka naɗa farin tef a zaren, ka ɗaure. Kada ka matse da ƙarfi, ba kokawa kake ba."

Tela ya tafi, ya dawo jiƙe sharkaf har gemu.

"Ka rufe ruwan kafin ka fara?" in ji Baba.

"Ai ba ka ce ba."

Daga cikin ɗaki muka ji Mama na dariya har da tari, Baba ya zabura da kofin ruwa.

Tankin makaranta kuwa ba ya ɗaukuwa a leda. Shugabar ta zo da kanta ta ce yara sun koma zuwa da ruwa a gora daga gida. Na ga Baba ya dubi jakar da ke rataye, ya kawar da kai. Mama ma ta gani. Ta sa muka fita daga ɗakin, amma ƙofar ba ta rufe sosai ba, mu kuma ba mu yi nisa ba.

"Malam, ba kai ka karya ni ba," ta ce.

"Da na gyara tun tuni..."

"Da na duba gabana. Na san wurin da santsi, ni nake wanki a can kullum. Ka ji, tun kana saurayi da jakar nan na gan ka, na kuma ce na ji na gani. Wannan mutumin da ke zaune yana ƙirga numfashina, ban san shi ba. Tashi ka je wurin yaran mutane."

Can muka ji ya ce, "To shayin fa?"

"Auta na da hannu."

Ya tafi, amma sai da ya dawo sau ba adadi a wunin nan, hannu duk tsatsa, ya leƙo ta taga ya ga ƙafar na nan, ya koma. Ƙafar ta warke, Mama ta ci gaba da takawa da ɗan ɗingishi, wanda take ƙarawa in tana son Baba ya ɗaukar mata kaya.

Ya yi shekaru masu yawa bayan haka. Ya ga auren Auta, ya koya wa jikokinsa hawan keke, yana bin su a guje yana haki. Ya rasu wata rana bayan azahar, a kan kujerarsa, yana ɓare wa 'yar Yaya lemo. Ta ɗauka barci ya yi, ta zare lemon daga hannunsa ta ƙarasa ɓarewa. Allah ya jiƙansa.

Cikin masu zuwa ta'aziyya akwai wata ma'aikaciyar jinya da babu wanda ya san ta a cikinmu. Ta gaishe da Mama, ta ce daga sashen tsofaffi na asibiti take. Wai duk ranar Alhamis Baba na zuwa da reza da sabulu da tawul, ya yi wa tsofaffin da ba su da masu ziyara aski, ya yanke musu farce, ya zauna su yi ta gardamar ƙwallo.

Ni da Yaya muka dubi juna. Mu a saninmu ranar Alhamis kasuwar kayan famfo yake zuwa.

Da matar ta fita na matsa kusa da Mama. "Kin san da wannan?"

"To wa kike jin ke wanke tawul ɗin?" Ta share ido da bakin gyalenta. "Shi ya ce kada in faɗa. Wai in kuka ji, Yayanku zai ce shi ma a riƙa yi masa."

Yaya ya shafa kansa, wanda sanƙo ya riga ya cinye rabi, ya ce shi ai askinsa ba shi da wani aiki mai yawa. Mama ta kai masa duka da mafici, ta ce ya tashi ya kawo wa baƙi kujeru.